FASHIN BAƘI: Ƙarin fitila a motocin shiga daji, a ina ya dace a ɗaura ta, kuma idon wa take kashewa?

Duk wanda ya saba bin hanyar Bauchi zuwa Gombe, ko Kano zuwa Daura, bayan sallar isha'i, ya san wannan hasken. Fari ne fat mai ɗan shuɗi-shuɗi, yana tahowa daga sama kamar an ciro fitilar filin ƙwallo an ɗora wa mota. Sai ya wuce sannan mutum yake gane cewa Hilux ce ko Land Cruiser, an shimfiɗa mata doguwar sandar fitilun LED a saman rufi. A 'yan shekarun nan waɗannan fitilu sun yi araha, sun cika shagunan kayan mota daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, har Ladipo a Legas, kuma ɗan rewaya yana iya ɗaura su cikin awa ɗaya.

Tambayar da mai saye ya fi yi wa mai shago ita ce, "Wat nawa ce?" Ba kasafai ake tambayar wurin da ya kamata a ɗaura ta ba, alhali wurin ne ke yanke hukunci a kan abin da direba zai gani, da kuma abin da mai tahowa gabansa zai kasa gani. Fitila guda ɗaya, idan aka sa ta a kan bamba aiki ɗaya take yi, idan aka mayar da ita saman rufi ta koma wata aba daban. Kuma saman rufin nan, wanda ya fi burge jama'a, shi ne wurin da amfaninsa ya fi ƙaranci a ƙasa mai ƙura irin tamu.

Buƙatar ta gaskiya ce

Kafin a shiga suka, ya kamata a yi wa masu ƙarin fitila adalci. Motar asibiti da za ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen da babu kwalta, da injiniyan da aka kira tsakar dare domin turken sadarwa ya mutu, da jami'in da ke sintiri a bakin daji, duk suna da dalili mai ƙarfi na neman hasken da ya fi na kamfani.

Fitilar mota ta asali haske biyu gare ta: ƙarami, wanda direbobi ke kira dim, da babba, wato ful layit. Shi ƙaramin da gangan aka datse samansa, aka kuma sunkuyar da shi ƙasa da kusan kashi 1 cikin 100, ma'ana a kowace mita 10 yana sauka da santimita 10. Idan fitilar tana santimita 70 daga ƙasa, bakin haskenta zai taɓa titi a wajen mita 70. To motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cinye mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya gane haɗari ya taka birki, mita 33 sun riga sun tafi. A kan busasshiyar kwalta zai buƙaci ƙarin mita 36 ko makamancin haka kafin ya tsaya. A kan burji mai tsakuwa, inda taya ke sulɓi, abin yana haura mita 60. Jimilla kusan mita 100 ke nan a hanyar ƙauye. Wato direban da ke wannan gudu da dim kaɗai, gudunsa ya wuce ganinsa. Ko dai ya rage gudu, wanda shi ne maganin da ba ya cin ko sisi, ko ya nemi haske mai dogon zango.

Saman rufi: ado mai yawa, amfani kaɗan

Abu na farko da fitilar rufi ke ɓatawa shi ne inuwa. Da daddare direba ba launin rami yake gani ba, inuwarsa yake gani. Idan haske ya fito daga ƙasa da idonsa, kowane dutse da kowane tudu yana jefa inuwa a bayansa, bakin rami kuma yana bayyana baƙi ƙirin, sai ido ya karanta hanyar. Idan kuwa hasken ya fito daga saman kansa, inuwar tana ɓuya a bayan abin da ya haifar da ita, inda idon direba ba ya kaiwa. Sai hanya mai gargada ta yi kama da shimfiɗaɗɗiyar tabarma. Ga haske ko'ina, amma mutum bai san da rami ba sai ya ji tayarsa a ciki.

Na biyu shi ne murfin inji. Sandar da aka ɗaura a bakin rufi, dab da saman gilashin gaba, tana zubo wani kaso na haskenta a kan bonet, shi kuma ya maido shi cikin idon direba. Akasarin motocin Hilux da ke ƙasar nan farare ne, farin fenti kuwa ya fi kowanne iya wannan aiki. Ƙwayar ido tana tsukewa gwargwadon hasken da ya fi kusa da ita. Idan bonet da mita goman farko na hanya suna ƙyalli, ido zai daidaita kansa da su, abin da ke can nesa cikin duhu-duhu, saniya ce ko mai keke, sai ya ɓace. Direban yana jin kamar ya fi kowa gani, domin gabansa ya yi wasai, alhali nisan ganinsa raguwa ya yi. Gilashin da ya sha ƙura ko ya yi zane-zane yana ƙara dagula lamarin.

Na uku, wanda ya fi shafar yankinmu, shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda ke cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya. Akwai ranakun da hazo ke hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ko babu hunturu ma, duk motar da ke bin wata a hanyar burji cikin ƙurarta take tafiya. Kowane ƙwayar ƙura da haske ya faɗa wa tana maido wani ɓangarensa baya, kuma ta fi maido shi ta inda ya fito. Fitilar rufi tana haska ƙurar da ke daidai gaban gilashi, a kan layin da direba ke kallo, sai ya tarar da farin bango a gabansa. A ayarin motoci, irin na gwamna ko na 'yan kamfen, mota ta biyu da ta uku da suka kunna fitilar rufi kansu suke makantarwa, sannan su cika madubin wanda ke gabansu da walƙiya. Haka abin yake a ruwan sama mai ƙarfi.

Wannan ba ya nufin rufi ba shi da ranarsa. Bayan damina, lokacin da gamba ta fi mutum tsawo, fitilar bamba ciyawa kawai take haskawa, ta rufi ce ke leƙa gaba. Idan mota za ta gangara kwazazzabo, ko za ta ratsa rafi, ko ta hau tudu tana neman ganin abin da ke bayansa, haske daga sama yana shiga inda na ƙasa ba ya kaiwa. A fili fetal irin na hamadar Tenere, a daren da iska ta kwanta, shi ma yana da amfani. Sai dai duk waɗannan yanayi ne na tafiya a hankali, a wurin da babu mai tahowa. Wanda aikinsa ya tilasta masa fitilar rufi, ƙa'idar ita ce a ja ta baya daga bakin rufin, yadda rufin da kansa zai yi wa bonet inuwa, a zaɓi mai tsukakken haske maimakon mai bazuwa, sannan a ba ta makunninta daban. Ya kuma san cewa reshen bishiya zai riƙa dukanta, kuma a kan babban titi za ta riƙa yi masa fito.

Akwai wani batun da ya shafi motocin sintiri kai tsaye. Hasken da ke kusan mita biyu daga ƙasa ana hango shi daga nesa ƙwarai fiye da nisan da shi yake haskawa. A dajin da ake kwanton ɓauna, motar da ta kunna shi ta sanar da zuwanta tun kafin ta ga kowa. Ba banza ba motocin yaƙi suke da 'yan ƙananan fitilu masu murfi, waɗanda ke haska gaban taya kaɗai.

Bamba da gaban inji

Ga mafi yawan masu irin wannan mota, wurin da ya fi dacewa da fitilar dogon zango shi ne gaban mota, a kan bamba ko gaban ragar inji, kusa da tsayin fitilun asali. A nan hasken yana ƙasa da idon direba, don haka inuwa ba ta ɓacewa. Yana gaban bonet, don haka babu abin da zai dawo masa da walƙiya. Kuma yana da isasshen tsayi da zai kai nesa. Guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a tsayi ɗaya, sun wadatar. Daidaita su biyu-biyu yana da dalili: mai tahowa yana auna faɗin mota ne da tazarar fitilunta, kuma fitila ɗaya tilo a tsakiya tana iya sa shi ya ɗauka babur ne.

Wurin yana da nasa haraji. A bayan ragar nan lagireto yake, kuma iskar da ke sanyaya inji ta nan take shiga. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, manyan fitilu masu faɗin faranti da aka jera a gaban raga suna iya sa injin da ke jan kaya cikin yashi ya yi zafi. Sabbin motoci da dama kuma suna da na'urar hango abin da ke gaba, wadda ke taka birki da kanta, a ɓoye bayan tambarin kamfani ko a cikin bamba. Ƙarfe ko fitila a gabanta yana rikita ta. Sannan ita fitilar gaba ita ce farkon abin da taɓo ke rufewa. Wannan kam tsumma da ruwa ne maganinsa.

Yawanci ana ɗaura irin waɗannan fitilu a kan ƙaton ƙarfen kariya da maƙera ke haɗawa a gaban mota. Ƙarfen yana kare mota daga dabba a daji, amma a cikin gari, idan ya bugi mutum, ba ya lanƙwasa kamar bambar kamfani, jikin mutumin ne ke ɗaukar dukan gaba ɗaya. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta kafa doka a 2005 da ta wajabta gwada irin waɗannan ƙarafa kafin a sayar da su.

A nan ya kamata a warware wani ruɗani na kasuwa. Abin da ake rubutawa a kwalin fitila shi ne wat da lumen. Wat yawan wutar da take ci ne, lumen kuma jimillar hasken da take fitarwa ta kowace fuska. Babu ɗayansu da ke gaya maka nisan da za ka gani. Abin da ke nuna nisa shi ne ƙarfin hasken a tsakiyarsa, wanda ake aunawa da kandela, da kuma yawan hasken da ya sauka a kan abu, wanda ake aunawa da laks. Haske yana raguwa ne ninkin-ba-ninkin: idan nisa ya ninka sau biyu, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Domin a samu laks 1 a nisan mita 500, sai fitila ta kai kandela 250,000 a tsakiyar haskenta. Saboda haka 'yar ƙaramar fitila mai madubin da ke tattara haske wuri ɗaya tana iya fin doguwar sanda nisa, ita sandar tana ta watsa nata a kan bishiyoyi da sararin sama. Kamfanonin kirki suna rubuta nisan da fitilarsu ke kai laks 1. Kwalin da babu wannan, sai manyan lambobin wat, a yi hattara da shi.

Ƙasa-ƙasa, domin hazo

Fitilar hazo akasin ta rufi ce ta kowace fuska. Ana sa ta can ƙasa a jikin bamba, haskenta mai faɗi ne, gajere, an datse samansa sarai. Manufar ita ce a nisanta haske daga layin idon direba, ya ratsa ta ƙarƙashin ƙurar da ke gaban gilashi, ya nuna gefen hanya da 'yan mitocin da ke gaba. Ƙa'ida ta 48 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta tsara yadda ake ɗaura fitilu a jikin mota, ta ce kada fitilar hazo ta gaza santimita 25 daga ƙasa, kuma a ƙananan motoci da a-kori-kura kada ta wuce santimita 80, sannan kada ta fi fitilar dim tsayi. Ba ta kai nesa, ba a kuma yi ta don gudu ba. Wanda ya kunna ta ya ci gaba da taka mota bai fahimci aikinta ba.

Batun launi fa? An daɗe ana cewa rawayan haske yana "huda" hazo. Maganar tana da rauni a kimiyyance, domin ɗigon ruwan hazo da manyan ƙwayoyin ƙura suna watsa kowane launi kusan daidai wa daida. Abin da yake tabbas shi ne farin haske mai shuɗi ya fi damun ido. Tsohuwar fitilar halojin tana wajen Kelbin 3,200 a ma'aunin launi, yayin da fitilun LED masu araha ke kaiwa 6,000 zuwa 6,500. Rawaya ta fi sauƙin jurewa idan ƙura ta maido ta, ga direba da ma mai tahowa. Faransa ta wajabta rawayan fitila ga motocinta tun daga 1937, ba ta janye dokar ba sai 1993.

Saura wurare biyu, kuma ba su buƙatar dogon bayani. Ƙananan fitilu a gindin gilashin gaba, kusa da madubin gefe, waɗanda ake karkatarwa waje, suna nuna kwalbati da dabbar da ke shirin tsallakowa daga burtali. Suna da amfani a daji, matuƙar ba su zuba a kan bonet ba. Fitilar baya kuma ta aiki ce, ta sauke kaya ko canza taya. Farin haske a bayan motar da ke tafiya gaba yana kashe idon na baya, yana kuma iya sa shi ya zaci mota ce ke tahowa.

Aikin ɗan rewaya

Wurin ɗaurawa rabin aiki ne, ragowar yana cikin waya. Fitilar da ke cin wat 240 da gaske, a motar da batirinta bolt 12 ne, tana jan amfiya 20. Siririyar waya ba za ta ɗauki wannan ba, zafi za ta yi ta narke. Aikin kirki yana buƙatar waya mai kauri, da fiyus a kusa da batir, da rile, yadda makunnin da ke gaban direba ba shi ne zai ɗauki nauyin wutar ba. Waya da aka ratsa ta ramin ƙarfe babu robar kariya, gargada za ta yi ta gogarta har ranar da za ta haɗu da jikin mota. Gobarar mota da dama daga irin wannan take farawa.

Amma mafi muhimmancin haɗi shi ne wanda ya shafi sauran jama'a: a ɗaure fitilar dogon zango da ful layit, ta yadda da zarar direba ya koma dim, ita ma ta mutu nan take. A Ostireliya, ƙasar da tuƙin dare a daji ya zama ruwan dare saboda nisan garuruwa da namun dajin da ke tsallaka titi, wannan sharaɗi ne na doka. A nan kuwa abin da aka fi gani shi ne makunni mai zaman kansa a ƙasan sitiyari. Direba ya hango mota, ya yi dim, sandar rufi tana nan tana ci, sai ya lalubo makunnin, idan ma ya damu ya lalubo.

Bayan an ɗaura, sai saiti. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, da daddare, da irin kayan da ta saba ɗauka a bayanta. A auna tsayin fitilar daga ƙasa, a yi alama a bango a daidai wannan tsayi. Tsakiyar hasken dogon zango kada ya haura alamar. Bakin hasken fitilar hazo kuma ya sauka ƙasa da tata alamar. Maganar kaya ba ƙarama ba ce: a-kori-kura da aka loda wa buhunan masara bayanta yana zama, gabanta ya ɗaga, duk fitilunta su koma kallon idon mutane.

Wanda ke ɗaya ɓangaren

Idon direban ƙaramar mota yana wajen mita 1.1 daga ƙasa. Rufin Hilux yana wajen mita 1.8. Sandar LED ba ta da datsewar sama irin ta dim, don haka babu wani saitin da zai hana ta shiga idon mai tahowa. Kashewa kawai ce mafita. Ido da aka haska haka yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya dawo daidai, na dattijo ya fi na matashi daɗewa. A gudun kilomita 80, daƙiƙa uku na rashin gani mita 67 ne. Cikin waɗannan mitoci akwai mai babur da ya ɗauko mutum biyu babu fitilar baya, da tirelar da ta lalace aka sa mata ganye a matsayin alama, da mai tafiya a ƙafa yana dawowa daga kasuwar ƙauye.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da babur, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta ƙirga mutum 5,421 da suka rasu a 2024, sama da 5,081 na 2023. Haɗarin da walƙiya ta haddasa yana da wata siffa da ke sa shi saurin ɓacewa a lissafi: motar da ta kashe idon ba ta taɓa kowa ba, ta wuce abinta. Wanda ya rage a wurin shi ne wanda ya faɗa rami ko ya bugi mai babur, kuma shi za a ce ya yi ganganci.

Me doka ta ce?

Ƙasashen da suka ɗauki lamarin da muhimmanci sun bi hanyoyi daban-daban. A jihar Kaliforniya ta Amurka, an yarda mota ta ɗauki fitilun daji har takwas, amma da zarar ta hau titin jama'a dole a kashe su, a kuma rufe su da murfin da haske ba ya ratsawa. Ƙa'ida ta 48 da aka ambata ta iyakance jimillar ƙarfin manyan fitilun da za su ci a lokaci ɗaya zuwa kandela 430,000. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta wajabta kashe babban haske idan ana tunkarar wata mota.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Ghana. Dokokin hanya na ƙasar na 2012 sun taƙaita fitilun gaba zuwa huɗu, har da na ƙari, sun kuma hana ɗaura fitila sama da gindin gilashin gaba. Wannan layi ɗaya ya haramta sandar rufi a kan titi. A 2021 hukumar kiyaye haɗurran ƙasar da 'yan sanda suka fita aikin cire irin waɗannan fitilu, waɗanda suka laƙaba wa sunan fitilu masu kisa, kuma manyan motocin dakon kaya ne suka fi shiga hannu.

Najeriya ba baƙuwa ba ce ga waɗannan ma'aunai. A 2018 ta shiga yarjejeniyar Biyana, ta kuma shiga yarjejeniyar 1958 wadda a ƙarƙashinta ake rubuta ƙa'idojin kayan mota irin su ta 48. A cikin gida akwai dokar FRSC ta 2007 da ƙa'idojin zirga-zirgar hanya na 2012, akwai jami'an duba lafiyar motoci na jihohi, wato VIO, sannan akwai hukumar SON da ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su. A jadawalin laifukan da ya biyo dokar 2007, tarar saɓa ƙa'idar fitila ko alamar hanya Naira 2,000 ce, kuɗin da bai kai na aikin ɗan rewaya ba. Sai dai a ganina ƙarancin tara ba shi ne babbar matsalar ba. Matsalar ita ce su wa ke da motocin. Jami'in da zai tare ɗan tasi saboda fitilarsa ɗaya ta mutu, da wuya ya ɗaga wa baƙar Hilux mai jiniya hannu, balle wadda ke ɗauke da masu bindiga a baya. Direban tirela kuma da ya ga manya suna yi, sai ya jera nasa shida a goshin mota, yana cewa kare kansa yake yi. Haka kowa ke ƙara haske domin ya rinjayi na gabansa, mai ƙaramar mota da mai babur suna tsakiya.

Kuɗin jama'a ne

Inda lamarin ya zama na mai jefa ƙuri'a shi ne a nan. Kaso mai yawa na irin waɗannan motoci da kuɗin gwamnati ake sayensu. Jihohi suna raba wa 'yan sanda da sojoji motocin sintiri, wasu kuma sun kafa rundunoninsu: Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024. Ga motocin ma'aikatu, da na ƙananan hukumomi, da na ayarin masu riƙe da muƙamai. Duk motar da aka saya ta hanyar kwangila tana da takardar da ta bayyana abin da za a haɗa mata, kuma a wannan takarda ne ake iya rubuta cewa fitilar dogon zango ta zauna a kan bamba, a ɗaure ta da ful layit, ta rufi kuma ta zo da murfi. Rubuta haka ba ya ƙara wa kwangila wani kuɗin a-zo-a-gani.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman irin wannan takarda daga hukumomin gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Mai nema zai iya tambayar motoci nawa aka saya, nawa aka biya kan ƙarin fitilun kowace ɗaya, wane ma'auni aka gindaya wa ɗan kwangila, da kuma wane jami'i ne ya duba motocin ya sa hannu kafin a karɓe su.